HAƘƘIN HANYA: MAI KEKE DA JAR DANJA

  

 A wannan fitowa ta mujallarmu za mu tattauna wata mas'ala wadda mutane da yawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba, alhali kuwa rai take ci. Mas'alar ita ce: idan danja ta nuna ja, ko mai ba da hannu ya ɗaga hannu ya tsayar da ababen hawa, shin mai keke ma yana cikin waɗanda aka tsayar, ko kuwa shi an ɗauke masa? Za ka ga motoci sun yi layi sun tsaya, sai ga yaro a kan keke ya kutsa ta tsakaninsu ya wuce abinsa, ko waiwaye babu. In ka yi masa magana ya ce, "Ai Malam keke ne, ba mota ba ce."

DALILIN TAYAR DA MAGANAR

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, magidanta da dama sun jingine babur sun kakkaɓe kekunansu. Ɗalibanmu kuwa dama keke ne abin hawansu, da shi suke zuwa makarantar boko da safe, da shi suke zuwa Islamiyya da yamma, da shi ake aikensu kasuwa da gidan niƙa.

Sannan ku dubi inda Allah ya ajiye garin nan namu. Hanya ta taso daga Kano ta Kazaure ta shigo Daura. Wata ta nufi Katsina ta Mashi. Wata ta yi Zango da Baure. Wata kuma ta bi Mai'adua ta kai Kwangwalam, bakin iyakarmu da Nijar. Manyan motoci masu ɗauke da shanu da hatsi da sauran kaya ba sa yankewa a kansu, balle ranar da kasuwar Mai'adua ke ci. Wannan kwalta da tirela take bi, ita ce dai yaro ɗan shekara 12 yake bi da kekensa da jakar littattafai a rataye. Ɗalibanmu kuma suna zuwa hutu Katsina da Kano, inda mahaɗun hanya suka fi namu cunkoso.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya a duniya. Ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin masu mutuwar kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda babu ƙarfen da ya kewaye jikinsu. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'arta, duk da cewa motocinmu ba su kai na sauran nahiyoyi yawa ba.

MENE NE AIKIN DANJA?

An fara kafa fitilar ba da hannu a birnin Landan a watan Disamba na 1868, kusa da majalisar dokokinsu. Da iskar gas take aiki, ɗan sanda ne yake juya ta da hannu. Ba ta daɗe ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan rauni, aka cire ta. Ku lura da kyau, a lokacin babu motocin da muka sani yanzu. Saboda keken doki da masu tafiya a ƙasa aka yi ta. Ashe ke nan tun asali ba don mota kaɗai aka ƙirƙiro danja ba. A 1914 kuma aka kafa wata mai aiki da lantarki a birnin Cleveland na Amurka.

Aikin danja rabon lokaci ne. Mahaɗar hanya wuri ɗaya ne, masu son bi ta wurin kuwa sun fito daga kusurwa huɗu. Tun da ba zai yiwu kowa ya wuce a lokaci guda ba, sai aka ce ku na gabas ga naku lokacin, ku na kudu ku jira naku. Kamar layin ɗiban ruwa ne a bakin famfo, ko yadda malami yake karɓar hadda ɗaya bayan ɗaya. Ja tana nufin tsaya, lokacin wani ne. Ruwan ɗorawa tana nufin yi shirin tsayawa. Kore tana nufin lokacinka ya zo, wuce amma da lura.

To ka ga duk wanda ya wuce a kan ja, lokacin wani ya ɗauka. Direban da aka ba kore ya taho ne da amincewar cewa hanya tasa ce, shi ya sa bai rage gudu ba. Wannan amincewa ita ce amanar da mai tsallake danja yake ci.

HUJJOJIN MASU TSALLAKEWA

Adalci ne mu saurari abin da masu keke suke faɗa, domin wasu maganganun nasu akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Na farko suna cewa mai mota ƙafa kawai zai taka ya tashi, shi kuwa mai keke in ya tsaya sai ya sake tara ƙarfi daga farko, ga rana ga kaya. Wannan gaskiya ne, akwai wahala. Amma wahalar sakan 40 ko minti ɗaya ce. A auna ta da wata uku a kwance gaban mai ɗori, da shekarar karatu da za ta wuce. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Na biyu suna cewa keke ba ya kashe kowa. Wannan ba daidai ba ne. Keken da ya taho a guje yana iya kayar da tsoho ko ƙaramar yarinya mai talla, kai ya bugu da kwalta. Bayan haka akwai cutarwar da ba ka gani. Ka faɗo gaban mota, direba ya kauce maka, ya afka wa mai a-daidaita-sahu ko masu tsaye a bakin hanya. Kai ka wuce lafiya lau, ka bar mutane da jini a bayanka.

Na uku suna cewa tsayawa a gefen babbar mota ya fi wucewa haɗari, domin in ta tashi za ta iya murƙushe mutum. Haɗarin gaskiya ne. Direban tirela yana zaune a sama, akwai wurare a gefensa da dab da gabansa da bayansa waɗanda ko ta madubi ba ya ganinsu, kuma in zai sha kwana tayoyin baya sukan yanko ciki. Sai dai maganin wannan shi ne ka tsaya a bayanta da tazara, ka bar ta ta tafi. Wanda ya guje wa tirelar da ke tsaye ya faɗa gaban wadda ke gudu, ai ya gudu bai tsira ba.

Na huɗu suna cewa ai masu babur da masu mota ma suna tsallakewa. Haka ne, kuma laifinsu ya fi girma domin ɓarnar abin hawansu ta fi yawa. Amma laifin wani bai taɓa zama izini ga wani ba. Kuma ka tuna in an yi karo, shi fenti ne zai goge a motarsa, kai kuwa ƙashinka ne.

ƊAN LISSAFI GA ƊALIBAI

Yawancin masu tsallakewa sukan ce, "Na duba, motar tana nesa." Bari mu auna wannan nisa da alƙalami.

A ce faɗin mahaɗar mita 20 ne. Yaro a kan keke yana tafiyar kilomita 15 a awa, wato kimanin mita 4 a kowane sakan. Kafin ya tsallake yana bukatar sakan 5. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. A cikin sakan 5 ɗin nan za ta ci fiye da mita 80, kusan tsawon filin ƙwallo. Ke nan motar da ka hango can nesa, kafin ka kai ɗaya gefen ta iso kanka.

Za ka ce ai direba zai taka birki. To daga lokacin da idonsa ya gan ka zuwa lokacin da ƙafarsa za ta taɓa birki, sakan guda ya wuce ko fiye, mota ta ci mita 17. Bayan ya taka, a kan kwalta mai kyau da taya mai kyau, sai ta ƙara kamar mita 20 kafin ta tsaya. Jimla kusan mita 40. Wannan fa ƙaramar mota ce mai lafiyayyen birki. Tirela mai ɗauke da buhu ɗaruruwa tana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Kuma ƙa'ida ce, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki yake bukata ninkawa yake sau huɗu. Ƙara da yashin da iska ke zubowa kan kwalta, da hazon hunturu, da duhun magariba lokacin da ake tashi daga Islamiyya. Ko direban yana son ya cece ka, abin ya fi ƙarfinsa.

ME SHARI'A TA CE?

Wani zai ce, "Malam, ina danja a cikin littafi?" Sunanta ba ya ciki, amma hukuncinta yana ciki.

Allah Maɗaukakin Sarki ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, a Suratul Baƙara aya ta 195. Ya umarce mu da ɗa'a ga majiɓinta al'amuranmu, a Suratun Nisa'i aya ta 59, kuma malamai sun bayyana cewa wannan yana cikin duk abin da ba saɓon Allah ba ne. Ku 'yan ajin Arba'una Hadisi kun haddace hadisi na 32, wanda ya hana cuta da cutarwa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya wa hanya haƙƙoƙi, daga cikinsu akwai kame cutarwa daga mutane. A wani hadisin na Muslim an lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. To idan ɗauke ƙaya daga hanya imani ne, yaya matsayin wanda ya mai da kansa ƙayar?

'Yan ajin Risala kuma ku koma babin hukunce-hukuncen jini da haddodi. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo cewa mai kora dabba da mai janta da wanda yake kanta, dukkansu suna da lamunin abin da ta taka. Haka Imamu Malik ya tafi a kai a Muwaɗɗa. Idan mahayin jaki yana da lamuni, alhali jaki yana da nasa ra'ayin, ina ga mahayin keke wanda ba ya motsi sai da ƙafarsa?

Malaman wannan zamani ma sun zauna a kan mas'alar. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta yi zamanta na 8 a ƙasar Brunei a watan Muharram 1414, daidai da Yuni 1993. Ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin maslahar jama'a ce, kuma hukuma tana da ikon hukunta mai karya su, har da tara. Ta ce direba yana da lamunin ɓarnar da ya yi, amma ana iya ɗauke masa idan aikin wanda aka buge ne ya jawo haɗarin ƙarara. Ku duba wannan da kyau. Mai keken da ya tsallake ja yana iya rasa lafiyarsa, kuma ya rasa haƙƙin diyya.

Idan kuwa shi ne sanadin mutuwar wani, to an shiga babin kisan kuskure, wanda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a yau ita ce azumin wata biyu a jere. Iyaye kuma ku sani, ƙuruciya tana ɗauke wa yaro zunubi, amma ba ta zubar da haƙƙin mutanen da aka yi wa ɓarna.

Saura masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara, shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Sayyidina Umar (R.A.) ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji an yi annoba, bai ce ajali ɗaya ne ya kutsa ba. Birkinka shi ne igiyar raƙuminka.

YADDA MUHAWARAR TAKE A WASU ƘASASHE

Kada ku zaci mu kaɗai ne muke wannan gardama. A Turai da Amurka an daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu mota da masu keke. Jihar Idaho ta Amurka ta sassauta wa masu keke tun 1982. A dokarsu mai keke in ya iske ja sai ya tsaya cik, ya duba, in babu mai zuwa sannan ya wuce. A birnin Paris na Faransa, a 2015 an faɗaɗa izinin wucewar masu keke a kan ja a wasu mahaɗu, inda aka liƙa ƙaramin allo mai hoton keke da kibiya, da sharaɗin su ba masu tafiya a ƙasa da masu kore hanya. A Holan kuwa hanyar keke daban aka yi, da danjarta daban.

Wani zai ji wannan ya ce to ai ga shi Turawa ma sun halatta. A'a. Abin lura shi ne a can hukuma ce ta auna ta ba da izini, a wuri sananne, kuma direbobi sun san da shi. Ba kowane mai keke ne yake yanke wa kansa hukunci ba. Kamar ƙasaru ne ga matafiyi: rangwame ne mai sharuɗɗa, ba wanda zai zauna a gida ya rage raka'a don ya gaji. A ƙasarmu ba a ba da wannan rangwame ba. Ja ta tsayar da kowa.

Darasi na biyu daga gare su shi ne hukuma ma tana da nata nauyin. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda yake kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan kekensa. In minista bai tsira ba, ina ga ɗan makaranta? Muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, muna da KASSAROTA a jiharmu, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura. Muna roƙonsu su dubi mai keke: a sa alamu da tudun rage gudu a gaban makarantu, a gyara danjar da ta mutu, a hana kasa kaya a gefen titi inda mai keke zai raɓa, a riƙa shiga makarantu ana wayar da kan yara.

NASIHA GA ƊALIBAI

1. Ja ta tsayar da kai kamar yadda ta tsayar da mota. Hannun ɗan sanda ko jami'in hanya ma haka.
2. Inda babu danja, ko akwai amma ba wuta, ko ka fito daga lungu za ka hau titi, sauke ƙafa ka duba hagu da dama, ka sake dubawa. In hanyar ta yi cunkoso, sauka ka tura keken. Ba abin kunya ba ne.
3. Bi hannun dama. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta dama. Kada ka fuskanci motoci don neman yanke.
4. Kada ka tsaya ko ka bi ta gefen babbar mota. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka.
5. Kada ka kama bayan mota don ta ja ka. Ban da sakin hannu, ban da tsere, ban da goyon mutum biyu, musamman da keken haya lokacin Sallah da Sallar Gani.
6. Miƙa hannu ka nuna inda za ka juya tun kafin ka juya.
7. Mai doguwar riga ko hijabi ya tattara, kada sarƙa ko taya ta kama.
8. Fito da wuri. Bulalar makara ta fi karaya sauƙi, kuma gaggawa daga Shaiɗan take.

NASIHA GA IYAYE DA MALAMAI

Ya ku iyaye, wanda ya saya wa ɗansa keke bai gama aiki ba sai ya koya masa hanya. A duba birki na gaba da na baya kowane mako, kada a bar yaro yana tsayar da keke da silifa. A sa ƙararrawa da fitila da abin ƙyalli a baya. Kuɗinsu bai kai na awo ɗaya a asibiti ba. Kada a aiki ƙaramin yaro ya tsallaka babban titi da magariba, kuma a daina cewa "yi maza ka dawo yanzun nan" ga wanda zai hau kwalta. Sama da duka, uban da ya goya ɗansa a babur ya tsallake ja, ya riga ya ba shi darasin da wa'azin malami ba zai goge ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyayenmu direbobi da masu babur, ƙarfi yana hannunku, don haka amanar ta fi nauyi a kanku. Ku rage gudu a cikin gari da gaban makarantu, ku ba mai keke tazara in za ku wuce shi. Ku ɗauka yaron nan da ke gabanku ɗanku ne.

Mu malamai kuma mu riƙa tashin yara da sauran haske, mu sa manyan ɗalibai su tsaya a bakin titi su tsallakar da ƙanana.

KAMMALAWA

Ya kai ɗalibi, ladubban da kake koyo a aji ba a ƙofar makaranta suke ƙarewa ba. Wanda ya iya jiran liman ya ɗago kafin ya ɗago, ya iya jiran rana ta faɗi kafin ya sha ruwa, ba zai gagara jiran danja minti ɗaya ba. Tsayawar nan in ka yi ta da niyyar kare ranka da na bayin Allah, lada za ka samu. Ka karanta wa mutanen gida wannan bayani, musamman waɗanda ba su iya karatu ba, kuma ka riƙa yin addu'ar hawa abin hawa da aka koya maka kafin ka ɗora ƙafa a feda. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kare mu da zuriyarmu daga mummunan haɗari. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ta wannan hanya Allah ya jiƙansu, masu jinya Allah ya ba su lafiya. Allah ya zaunar da masarautarmu ta Daura da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin. Allah ne mafi sani.